'Yar Auta Ba ta Sayarwa Ba Ce

Zuwa ga maigidana Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu yana shiga, kuma ka daina barci da takalmi. Ni ƙalau nake, sai gwiwar nan da ka sani.

Takardarka ta iso. A rubuce zan amsa, don a waya katse ni kake yi, takarda kuwa ba ta da baki. Hannunka ne ya rubuta, amma muryar ubanka na ji tun daga layin farko. Wai in sayar da 'Yar Auta! Kai da ka koya mini tuƙi a filin ƙwallo kana ihun "Birki, Kaka, birki", yau kai aka aiko? Tun ranar da motar nan ta shigo gida na ce ita ce autata. Ƙanwar ubanka ce ke nan, goggonka. A ina ka taɓa jin an sayar da goggo?

Ban musa ba, tana da laulayi. Ta hannu na saye ta, da kuɗin ɗinkin shekara huɗu da 'yan kunnena na gwal, mutum uku sun more ta kafin ni. Lagireto na ɗiga, shi ya sa galan ɗin ruwa ba ya barin but. Baƙin mai take sha kamar shayi. Watan jiya kuloci ya cinye abin da zai sayi buhun shinkafa biyu, ga takardu za a sabunta, ga tayar baya ta yi sanƙo irin na marigayi kakanka. To wa na roƙa? Kekena na ɗinki ke ciyar da ita.

Ubanka ya ce na tsufa, don na gogi ƙofar gida sau ɗaya. Ƙofar ce ta matso. Abin da bai gaya maka ba, duk Alhamis ni ke ɗaukar Yaya, 'yar'uwa ɗaya da ta rage mini, in kai ta asibiti a wanke mata ciwon ƙafa. Ba ta iya hawa babur, motar haya ba ta shiga lungunsu, 'Yar Auta kaɗai ke kaiwa bakin ƙofa. Wai zai riƙa turo direbansa. Na san wannan turowar. Da ita na shekara biyu ina zaman jira da mayafi a kafaɗa.

Ka ci abinci, ka yi ƙiba, ko na samu abin nunawa.

Taka,
Kaka direba

Zuwa ga Dogo,

Ina gaisuwa, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Jikina lafiya, raina ne babu daɗi.

Goggonka ta kwanta. Ran Litinin ubanka ya karɓi makulli wai zai duba mini baƙin mai. Na ji daɗi, na ce yau ga ɗa. Da safiyar Talata na murɗa, inji na juyawa amma ta ƙi tashi. Kafin in kira bakanikena, wanda na shekara biyar ina zama a bencin garejinsa, sai ga ubanka da nasa bakaniken mai farar riga. Ya ɗaga bonet, ya leƙa kamar mai leƙa tukunyar maƙwabta, ya ce inji ya buga, gyaransa ya fi kuɗin motar. Ko yatsansa bai ɓaci ba.

Jiya Alhamis ce. Direban bai zo ba, an aike shi wani wuri. Yaya ta yi wanka tun hantsi ta zauna a kujerar tsakar gida har la'asar. Da na kira ta cewa ta yi, "Ba komai, ƙanwata, ƙafar ma yau ba ta zugi." Ƙarya take, na san muryarta. Ba zan ɓoye maka ba, na shiga motar na rufe ƙofa na yi kukana.

Gobe Asabar ubanka zai zo da dillali. Su zo. Takardun motar suna ƙarƙashin katifata, ni kuma ina kan katifar.

Kakarka

Zuwa ga angona Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, har gwiwar ta yi sauƙi. Nemi wuri ka zauna.

Bayan na rufe waccan takardar na koma cikin motar na sake murɗa makulli, sai na lura da abin da babu. Kullum kafin ta tashi akwai ɗan kuka kamar na sauro daga ƙarƙashin kujerar baya. Shiru. Na kira bakanikena, ya ce, "Hajiya, famfon mai ne ba ya samun wuta. Buɗe ɗan akwatin da ke ƙasan sitiyari." Na sa tabarau na durƙusa. Fiyus-fiyus a jere kamar haƙora, ga giɓi ɗaya a tsakiya. Ya ce fiyus yana ƙonewa, amma ba ya fita yawo. Shuɗi ne, mai lamba goma sha biyar.

Ran Asabar ubanka ya zo da dillali, ya ajiye makullinsa a kan keken ɗinki, ya shiga ciki neman takardu. Na bar shi yana ɗaga katifa. Na buɗe ƙatuwar motarsa, na samo nasa akwatin, na zare shuɗaye har uku, don ban san wanne ne wanne ba. Ɗaya na cusa wa 'Yar Auta. Sauro ya yi kuka. Murɗa ɗaya ta tashi, na danna hon har dillali ya zubar da ruwan da yake sha.

Ubanka ya fito. Ya sallami dillali, ya shiga tasa motar zai gudu, ita kuma ta ƙi tashi. Ga shi ana jiransa a wurin aiki. Na leƙo na ce, "Ina jin inji ne ya buga. Shigo in rage maka hanya."

Ya shigo gaba, ya riƙe ƙofa da hannu biyu. Na ce sai mun biya ta wurin Yaya. Shi ya ɗauko ta a hannunsa ya sa a mota, shi ya riƙe ta da aka kwance ƙafar a asibiti, ya ga abin da kwana biyun nan suka yi mata. Aikin ma bai je ba. A hanyar dawowa ya ce, a hankali, tsoro yake ji kada wata rana a kira shi a waya a ce na yi haɗari. Na ce na sani, ni na haife shi. Na yarda a auna idona duk wata shida, kuma in rana ta faɗi ba na tuƙi. Makulli kuwa, ko dillalan duniya zai tara, ba zan bayar ba.

A ƙofar gida ya laluba aljihu ya miƙo mini fiyus ɗina, kansa a ƙasa. Na ba shi biyu daga cikin nasa. Na ukun yana jikin goggonka, kuma nan zai zauna sai ranar da ya sayo mata tayar baya.

In ka zo hutu ni zan ɗauko ka a tasha. Ka zo da galan ɗin ruwa.

Taka har kullum,
Kaka direba