Har Yanzu Ba a Binne Zoe Ba

Selly Oak, Birmingham.

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fatan kina lafiya. Ƙafar nan da ke damun ki Allah Ya kawo sauƙi, Ya ƙara miki nisan kwana. Mu nan lafiya lau. Baba na ta fama da karatunsa a jami'a, Mama na gaishe ki, ƙanena Usama kuwa Hausarsa sai ƙara karyewa take yi.

Gwaggo, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Mama. Ina waƙa. Ba 'yar ta wajen wanke-wanke ba, waƙa sosai da buɗe murya. Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu ce ta koya mini, sunanta Zoe, kuma Allah Ya yi mata rasuwa. A waya bakina ba zai buɗu ba, shi ya sa na rubuto.

Da azumin bara Mama ta aike ni in kai mata ƙosai. Na tarar da bangon falonta cike da hotunan wata kyakkyawar mace, ashe ita ce. A unguwar Hulme ta Manchester aka haife ta, 'yar direban bas. Ta fara da waƙa, ta koma wasan kwaikwayo, daga baya aka ba ta shirin yara a talabijin. Ta ce a lokacin ko kanti ta shiga sai yara sun yanyame ta. Da furfura ta fara fitowa aka kira ta ofis, aka miƙa mata furanni, aka ɗora wata yarinya a kujerarta. Ni da kin san ni da littattafan soyayya, har na gama tsara labarin mutumin da ke hoton aurenta, na ce lalle mutuwa ce ta raba su. Ta yi ta dariya har da tari, wai yana nan da ransa, ya tattara kayansa ne shekarar da aka daina neman ta.

Mama ta san ina shiga taya ta aiki, amma ba ta san in mun gama Zoe tana zama gaban piyano ni ina waƙa ba. Kullum faɗan Zoe ɗaya, wai ba a yi wa kafet waƙa, in ɗaga kai in kalle ta. Na ce mata mu ba ma kallon babba cikin ido. Sai ta ce to in riƙa kallon agogon da ke bayan kanta.

Ina makaranta motar asibiti ta ɗauke ta, washegari muka ji ta cika. Mama ta dafa abinci, muka sa hijabi muka tafi gaisuwa. Ƙofa a kulle, ba tabarma, ba kowa. Muka ɗauka an riga an kai ta, Mama ta yi ta salati a bakin ƙofar, ni kuwa na yi kuka har na gaji. Sai da ɗanta Jeremiah ya zo kwashe kaya, Mama ta yi masa ta'aziyya, ta ba shi haƙurin rashin zuwan Baba jana'iza. Ya tsaya yana kallon mu. Ya ce ai ba a yi ba, su sai an yi makonni, sai ƙarshen wata a Manchester. Gwaggo, duk kukan nan da nake yi, ashe tana kwance a ɗakin sanyi ita kaɗai.

Da Mama ta koma gida ya ce mini mahaifiyarsa ta bar wasiyya, yarinyar maƙwabta ta rera mata waƙar da take rufe shirinta da ita. Wai waɗanda suka amsa za su zo ba za su cika benci ɗaya ba. Matar da yaran ƙasa guda suka tashi da muryarta!

Na gwada tambayar Baba zuwa kawai, ban ma kai ga zancen waƙa ba. Ya ce mata ba sa bin gawa, balle zuwa coci, ya koma kan kwamfutarsa. Gwaggo, ke kika goye shi, kuma ba ya musu da ke. Ba cewa na yi zan zama mawaƙiya ba. Sau ɗaya ne, da hijabina, shi yana tsaye kusa da ni. Na san kina iya fin sa fushi, kina iya cewa Ingila ta lalata ni. In kin ce a'a na haƙura, sai dai ki faɗa mini da bakinki.

Ki gaishe mini da Kawu Abdulsalami, da Yaya Abdulhafiz da iyalinsa, da Sa'adiya, ki ce mata ban manta da ita ba.

Abokin Baba, Kawu Rabe, gobe zai taso gida, yanzu haka suna falo suna shan shayi. Tun ɗazu nake leƙawa ina dawowa, don in na miƙa masa wasiƙar nan a gaban Baba, dole ya tambayi abin da na rubuta miki. Ga shi na ji sun fara sallama. Zan sauka in ba shi, in Baba ya tambaya in ce ya jira kiranki.

'Yarki,
Hajar