Ƙarar da Inna Take Jira

Litinin, 3 ga Yuni
Na gaji. Wanki, asibiti, dawowa. Inna ta ƙi cin komai sai da ƙanena Auta ya iso da yamma. Kullum haka. Tun rasuwar Baba shi yake hawan tsohuwar basfarsa, kuma da ya kama burki a bakin ƙofa, gaban basfar ya nutsa ya yi kukan nan, ƙiiiƙ, sai Inna ta gyara ɗankwali ta ce, "Ya dawo. Zuba mana." Ta manta sunana, ta manta rasuwar, wannan kam ba ta manta ba. A ganinta Baba yana waje yana alwala. Ban taɓa ce mata yana nan ba. Ban kuma ce ba ya nan ba. Allah na tuba.

Laraba, 5 ga Yuni
Auta ya shigo yana ɗingishi, gwiwa a ƙuje. Gaban basfar ne ya ƙwace masa a rami. Bakanike ya ce shokazoban gaba, ƙarfen nan mai shanye girgiza, ya mutu, mansa duk ya tsiyaye, shi ne ma yake wannan kukan. Ko a wanke a mayar, ko a sa sabo. "Yaya, ke za ki yanke. Ke da basfar ne manya a gidan nan." Har da dariyarsa. Ni ban ga abin dariya ba. A kanta yake kai matarsa aiki kowace safiya.

Alhamis, 6 ga Yuni
Bayana ciwo yake. Ban iya karatun asuba a zaune ba.

Asabar, 8 ga Yuni
Na je garejin da kaina. Bakanike ya jera min shokazoban biyu a kan kwali, tsohon baƙi ƙirin, sabon yana sheƙi. Na ce ba a gyara tsohon? Ya ce ana yi, amma rinin gemu ne, ba ya mayar da tsoho yaro. Na tambaye shi ko sabon zai yi ƙara. Ya ajiye sifana ya dube ni. "Hajiya, mutane biya suke in kashe musu ƙara, ke kuma nema kike?"

Lahadi, 9 ga Yuni
Auta ya ce a mayar da tsohon, saboda Inna, zai riƙa tafiya a hankali. Yaron da ko rarrafe bai yi a hankali ba! A makaranta an koya mana kawar da cuta yana gaba da jawo amfani. To ga cuta nan ta kowane ɓangare, Malam bai faɗi wacce za a fara kawarwa ba. Ran Auta amana ne. Na ce a sa sabo. Bakina ne ya faɗa.

Talata, 11 ga Yuni
Auta ya iso shiru, sumul. Inna ko waiwaye. Na kai abinci, ta ture. "Bai dawo ba. Rufe masa." Auta ya durƙusa yana lallashi, Innata, Innata, ta ce wane ne wannan. Maganinta kuma ba a sha da yunwa.

Laraba, 12 ga Yuni
Haka dai. Ruwan shayi kawai. Zoben hannunta har juyawa yake.

Juma'a, 14 ga Yuni
Bakanike ya aiko da tsohon shokazoban a leda tun ran Talata, na ajiye bayan ƙofa kafin mai gwangwan ya wuce. Yau shara kawai na fita yi. Da na jiyo injin basfar a kwana, ban san yadda aka yi ba, na gan ni na kafa shi a dakali, na danna da duk nauyina, ƙiiiƙ.

Auta ya tsaya da hular kwano a ka. "Yaya?"

Na ce, "Shiga da abin hawanka, ka tare hanya."

Daga ciki muka jiyo Inna tana cewa, "Ya dawo. Zuba mana." Ta cinye, har ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Ni dai ban ce mata komai ba. Ƙarfe ne. Zan tambayi Malam hukuncin, in na samu sarari, ba gaggawa. Tafin hannuna ya yi ja. In tuna in naɗe kan ƙarfen da tsumma kafin la'asar ɗin gobe.