Ungozoma ko Katanga

Aujara, daren Laraba

Ban taɓa gaya wa kowa ba: ranar da Yaya Rabi ta rasu wajen haihuwa ban yi kuka ba. Har yau ƙirjina wayam yake, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

Yau ma'aikatan lafiya suka zo daga Dutse. Wai aiki ɗaya za a yi wa ƙaramin asibitinmu bana, gari ya zaɓa. A ƙofar gidan Maigari aka zauna, maza zalla. Baba ya dawo ya ce katanga suka zaɓa, don awaki na shiga har ɗakin allura.

Inna Ladi ta ce, "Katanga? Ita za ta karɓi haihuwar?"

Mata suka cika tsakar gidanmu, aka ce in ɗauko biro. "Ke sarkin littattafan soyayya, yau dai ki rubuta abin amfani." Suna faɗa ina rubutawa: ungozoma suke so, mai kwana a garin. Malamin asibitin namiji ne, shi ya sa aka bar Yaya a gida har ta galabaita.

Na kai wasiƙar har bakin motar ma'aikatan. Babbansu ya ce, "'Yammata, lafiya?" Na ce lafiya lau, na juyo da wasiƙar a hannuna. Na ce wa Inna na bayar.

Da safe za su koma da maganar katanga, ga matar Yaya Sani ta shiga watanta. Bayan asuba zan je in tsaya jikin motar. Ko bakina ya ƙi buɗewa, zan miƙa wa babbansu wasiƙar.