Katanga a benci

Litinin, 3 ga Agusta
Sun kawo sabon koci. Siriri, da tabarau da ɗan littafi a hannu kamar mai karanta mita. Mai gyaran waya na jikin shagona ya ce wai ya san aiki. Mu gani a ƙasa.

Asabar, 8 ga Agusta
Ya ajiye Katanga a benci. Ƙanina, kyaftin, shekara goma sha ɗaya yana tsare bayan kulob ɗin nan. Ni na goya shi, a keken nan na ɗinka masa rigar ƙwallonsa ta farko. Sai wani da ko ƙofar fili bai gama sani ba ya zaunar da shi. An ci mu biyu da nema. Muryata ta dishe.

Laraba, 12 ga Agusta
Na ce Katanga ya je ya ƙwaci haƙƙinsa. Wai "Yaya, bar shi kawai." Sanyin halinsa na ƙona min rai. In bai buga kakar nan ba, wa zai ɗauki ɗan shekara talatin da huɗu?
Na yanka farin yadi, na ɗinka manyan haruffa: KOCI KA TAFI.

Asabar, 15 ga Agusta
Mun ɗaga ƙyallen, rabin fili ya mai da rubutun waƙa. Kocin ko waiwaye bai yi ba, sai rubutu. Kunnen doki.

Litinin, 17 ga Agusta
Har shago kocin ya zo. Ban ba shi kujera ba. Wai ɗinkin ƙyallen ya yi kyau, ji rainin hankali. Ya tsaya gaban hotunan kulob da na jera a bango, ya ce, "Yayar Katanga, yaushe rabon da ki ga ƙaninki ya tsuguna?" Ya tafi.
Na duba, don in ƙaryata shi. Hoto tara yana gaba, a tsugune, riƙe da ƙwallo. Biyun ƙarshe yana tsaye a baya. Kullum ina goge musu ƙura.

Talata, 18 ga Agusta
Na tsare Katanga. Gwiwa ce. Shekara biyu sai an yi masa allura yake shiga fili. Likita ya ce in ya ci gaba, sanda ce ƙarshenta. Me ya hana shi gaya min? "Yaya, in na fito muryarki nake fara ji."
Ban iya cin abinci ba.

Asabar, 22 ga Agusta
An yi masa aikin gwiwar shekaranjiya. A rediyo muka ji wasa, an sake cin mu. Har yanzu kocin bai iya canjin 'yan wasa ba, wannan kam ban janye ba.
Mai gyaran waya ya zo aron ƙyallen, na ce ban san inda na jefa shi ba. Yana ninke ƙarƙashin gwiwar Katanga. Yadin yana da taushi, shi ke nan.