Hular da Baba Bai Ɗinka Ba

Ƙofar Ran, Bauchi

Yaya Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Abuja? Ga huluna uku a kwalin nan, na cusa takarda a ciki tunda kai waya sai ka ga dama kake ɗagawa.

Tun da ka buɗe shafin sayar da hula a intanet ka sa masa "Hulunan Malam Jalo", bakin Baba ya ƙi rufuwa. Duk wanda ya shigo zaure sai an kira ni in nuna masa hoton. Amma ka sani hula ɗaya sati uku take ci masa, kuma yanzu ni nake zura masa zare a allura. Kada ka ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfin idonsa.

Ƙanwarka, Salma

*

Salma,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, sannunku. Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Mutum arba'in ke jira, in ce musu me, su dawo baɗi? Na samo masu aikin inji a nan, masu kyau, ina haɗawa da na Baba ina turawa. A hoto ba mai bambancewa. In kasuwa ta kafu zan daina. Kada Baba ya ji. Ki gaishe shi da Inna.

Yayanki, Abdulbaƙi

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, ga abin da ya faru.

Ka tuna Modibbo na Gwallaga, aminin Baba? Ɗansa da ke Legas ya saya masa hula a shafinka don ya faranta masa. Jiya bayan La'asar Modibbo ya shigo da ita zaure, ga mutane zaune. Ya ajiye ta gaban Baba ya ce, "Jalo, shekara talatin ina sa ɗinkinka. Wannan kuma mene ne?"

Baba ya juya cikinta, ya shafa da yatsa. Wallahi na ga lokacin da ya gane. Sai ya ce, "Ni na ɗinka. Tsufa ne, Modibbo, ka yi mini haƙuri."

Modibbo ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya tafi ya bar hular. Yau har a masallaci ana jajanta wa Baba wai hannunsa ya mutu. Bai tambaye ni komai ba, kuma wannan shirun ya fi ci mini rai. Na ji haushinka, Yaya, na ji haushin kaina da na rufa maka.

Allah ya kyauta. Salma

*

Salma,

Salam. Na rufe shafin. Zan zo Juma'a in faɗa wa Modibbo gaskiya a gaban kowa. Ki roƙar mini Baba.

Abdulbaƙi

*

Yaya,

Salam. Baba ya ce kada ka faɗa wa kowa. Ya ce shi ya gama amfani da sunansa, kai kuwa yanzu ka fara da naka.

Hular da ke kwalin nan rabinta ya ɗinka, da awon kanka ya fara ta. Allurarsa na jikinta. Ya ce in haɗa maka da ita, ba zai ƙara bukatarta ba.

Ka huta lafiya. Salma