Jar Kuɓewar Hajjo a Barandar Sentul

Zuwa ga Inna Ɗelu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da Baba da su Maitama. Ya ƙafar taki? Mu lafiya lau. Maigidana Hassan yana ta fama da karatu, ba ya shigowa sai dare. Kada ki damu, na fara sabawa da shirun gidan.

Inna, da kika ce mini a waya ambaliya ta ci ɗakin ajiya har da irin jar kuɓewar marigayiya kakata Hajjo, sai na tuna da irin da na taho da shi. Ɗan ƙullin da kika sa mini a jaka na shuka shi cikin bokitai a baranda. Nan unguwar Sentul da muke zaune a ƙasar waje kullum ruwa ake yi, saiwa ta yi ta ruɓewa, biyu kaɗai suka tsira. Yanzu sun yi 'ya'ya jawur.

Jiya jikarki Afnan ta ce, "Umma, a tsinko bendi mu yi miya." Haka suke kiran kuɓewa a nan. Na ce mata wannan ta iri ce da za mu kai wa kakarki, ba ta ci ba ce. Wallahi ni ma ina marmarin miyar, amma na bar su su ƙosa.

Don Allah ki gaya mini yadda Hajjo take adana iri cikin toka, don garin nan akwai danshi. In Allah ya dawo da mu lafiya, da hannunki za ki shuka shi.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Najiba