Kai Mai Taurin Kai

Ƙanwata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ki a ido ba. Yaya jikinki, yaya maigidan da yaran, yaya haƙuri da nisa? Mu nan da godiya, sai jikin Baba da yake yau fari gobe tsumma. Likita ya tsayar da magana: ranar Litinin za a yi masa aikin maƙogwaro, kuma ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa bayan aikin da wuya ya sake magana. Na san ba za ki samu zuwa kafin nan ba, ban kuma ga laifinki a wannan ba. Laifinki a wani wuri yake, shi ya sa na ɗauki biro, don maganar waya iska ce, ana ajiye ta kin manta.

Ke kika aiko wa Auta kyamara. Yarinyar da na haifa na yi wa tarbiyya ta gama karatu lafiya, yau ga ta tana yawo da jaka a kafaɗa wai ita mai shirya fim, Dogo ɗan yayanmu yana biye da ita da sandar ɗaukar sauti kamar mai kakkaɓo mangwaro. Su biyu ke nan kamfanin. To ji abin da kyautarki ta jawo mini.

Shekaranjiya ina kan keke ina ɗinki, sai na ji ta a ɗaki tana waya ƙasa-ƙasa. Da kunnena na ji ta ce, "Dogo, kan nan ya mutu, ruwansa duk ya tsiyaye. Ƙafa ɗaya ma ta karye. Mu shiga kasuwa mu nemo sabon kai, amma mai nauyi, wanda ba ya rawa." Almakashi ya suɓuce daga hannuna. Duk labarin 'yan yankan kai da na taɓa ji ya dawo mini a lokaci guda. Na faɗa ɗakin ba sallama, na ce mata kan wa, ƙafar wa, kuma tun yaushe ta shiga wannan sana'a. Sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, abin da ban yafe ba har yanzu, sannan ta jawo wani tsohon ƙarfe mai ƙafa uku daga ƙarƙashin gado. Wai shi ake ɗora kyamara a kai, dunƙulen da ke samansa kuma shi ne kan. A ce mutane masu hankali su rasa sunan da za su ba ƙarfe sai kai da ƙafa.

Da na huce ta faɗa mini dalili. So take ta ɗauki Baba a shagonsa ranar Asabar, da muryarsa, yana zagayawa cikin agogunansa yana ba da labari, saboda ke da jikokinsa. Na amince. Amma na ce ƙafata ƙafarta zuwa kasuwa, don ban yarda da idon yaran yanzu wajen sayayya ba.

Kuma ban yi kuskure ba. Mai shagon ya jera mana ƙarafan masu ƙafa uku kamar zalɓe a bakin ruwa. Auta ta ɗaga wannan ta ce ya yi nauyi, su biyu ne, wa zai ɗauka. Ta murɗa wancan ta ce ƙafafunsa suna lanƙwasa, iska kaɗan hoto zai yi rawa. Ta tsaya a kan wani baƙi marar nauyi mai kwano a tsakiya, wai kwanon ne ke sa a daidaita kyamara ko ƙasa ta karkace, har da ɗan kumfa a cikin gilashi irin na magina. Wannan duk na ji, akwai hankali a ciki.

Wajen kan ne muka raba gari. Akwai wani mai sheƙi, ana taɓa shi yana juyawa kamar fanka. Na ce ga kaya. Ba ta ko kalle shi ba. Sai ta ɗauki wani mummuna wanda in kin tura mariƙinsa sai ya riƙa tafiya a hankali kamar yana yi miki gardama, in kin danna shi ƙasa ya turo hannunki. Ta ɗora kyamara, ta tura da yatsa ɗaya, ta saki, ta ce wa Dogo, "Ka gani? Inda na bar shi nan ya tsaya." Na ce wannan ai ya cije, tsohon kaya ne aka goge. Mai shago ya ce, "Hajiya, haka ake son sa, ruwan cikinsa ne." Me kike so mai shago ya ce? Auta ta ce, "Umma, don Allah ki bari." A gaban mutane. Shi ta saya. Kai mai taurin kai ya samu uwar ɗakinsa.

Ki ja mata kunne, tunda ke take ji. Ki gaida maigidan da yara.

Yayarki.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gidan. Wannan gajeriya ce, albishir ce kawai. Baba ya ɗan ci abinci yau, har ya sa an goge masa gilashin shago saboda gobe.

Kin san ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Da safe Auta da Dogo suka tafi aron fitila, suka bar kan a kan tebur. Na sake gwada shi, yana nan da cijewarsa. Na ce yarinyar nan kunya ce ta hana ta yarda an cuce ta, kuma gobe ba ranar da za a tsaya kokawa da ƙarfe ba ce. Na naɗe shi a ɗankwali na kai wa mai gyaran keken ɗinkina, mutumin da bai taɓa ba ni kunya ba.

Da ya buɗe, sai da na riƙe baki. Cikinsa cike da wani maiƙo mai kauri, yana yauƙi kamar tsohuwar zuma. Mai gyara ya ce, "Hajiya, wannan tun daga kamfani ba a taɓa wanke shi ba." Kin ji irin abin da ake sayar wa 'ya'yan mutane. Ya wanke shi tas da kananzir, ya ɗiga masa man keke mai kyau. Ya kuma ciro wani sifirin, wata 'yar murɗaɗɗiyar waya, da ya ce shi ne ke turo hannu, ya ba ni a leda. Yanzu ko hura shi kika yi sai ya juya.

Na mayar da shi jakarsa ban ce komai ba. Ba na son godiya, so nake ta gane da kanta cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau tudu ba zai gani ba. Taurin kai, ko a mutum ko a ƙarfe, magani yake so.

Yayarki.

*

Ƙanwata,

Ina yi miki sallama, ina tambayar lafiyarki da ta yara. Ki yi haƙuri da jinkirin wannan takarda. Sau da yawa na ɗauki biro ina ajiyewa. An yi wa Baba aiki, ya farfaɗo, yana gida. Maganar likita ta tabbata. Muryar ta tafi.

Zan faɗa miki yadda Asabar ta kasance, kada ki ji a bakin Dogo da ƙari.

Da hantsi muka je shagon. Baba ya sa farar rigarsa, ya maƙala gilashinsa na duba cikin agogo a goshi, agogunan bango duk an wana su suna tafiya. Auta ta kafa ƙafafun, ta daidaita kumfa, ta ɗora kyamara, ta saki hannu. Sai kyamarar ta sunkuya gaba gaba ɗaya kamar mai gyangyaɗi a aji, ta ja ƙafafun za su kife. Ba don Dogo ya yar da sandarsa ya tare ta da ƙirji ba, da a kan siminti za ta tarwatse. Auta ta taɓa mariƙin, kan ya yi juyi ya dawo. Ta kai hanci ta shinshina. Ta ce, "Kananzir."

Ban ɓoye ba. Na buɗe jaka na fito da ledar sifirin na ce ga sauran kayansa, na kuma yi bayanin dattin da aka fitar. Ƙanwata, tunda na haifi yarinyar nan ban taɓa ganin irin wannan kallo a idonta ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da na san abin da zan ce. A hankali ta ce, "Umma, dattin nan shi muka saya." Wai wannan maiƙon shi ne ruwan da ake faɗa, shi ke riƙe hannu don hoto ya tafi sumul ba fizga, sifirin kuma shi ke ɗauke nauyin kyamara. Wai duk zaɓen da ta yi a kasuwa don ta bi Baba ne a hankali in ya tashi daga kujera zuwa bango, ba tare da mai kallo ya ji jiri ba. Shagon kayan kyamara ba ya buɗewa sai Litinin, Litinin kuwa kin san ranar aikin Baba ce.

Dogo ya ce a ɗauka a hannu. Suka gwada, hoton yana ta fizga, ba ya kalluwa. Abin da ya rage shi ne makullan kan, waɗanda mai gyara bai taɓa ba. Ta ɗaure su tam, kyamara ta kafe tana kallon kujera ɗaya. Ta ce, "Kaka, ka zauna nan, kada ka tashi." Kin san Baba. Yana fara magana sai ya miƙe ya tafi nuna agogo, a bar kyamara tana ɗaukar kujera. Aka dawo da shi, ya sake tashi. Muryar kuma tana dusashewa muna ji, kowace kalma da ya faɗa a bayan kyamara asara ce.

Sai Auta ta juyo, ba ta kalle ni a ido ba, ta ce, "Tsoron mutum ɗaya yake ji a duniya." Ni da ko hoton biki ba na shiga, ni da na yi ta wa'azi a kan mace da kyamara, na jawo benci na zauna kusa da shi, na kama hannun rigarsa na riƙe. Na ce, "Baba, zauna." Ya zauna.

Ya dube ni, ya dubi ledar sifirin da ke cinyata, sai ya fara dariya marar sauti har da hawaye. Ya ce, "Uwata, ba ki daina ba?" Nan ya juya ga kyamara ya ba duniya labarin da ni ban ma san da shi ba. Wai ina ƙarama na ji agogon wani alƙali yana ƙara a shagon nan, na ce ciwo yake ji, na ɗura masa man gyaɗa har ya yi shiru. Wai sati ya yi yana wanke shi a ɓoye, bai taɓa faɗa ba don kada Inna ta dake ni. Ya ce, "Wannan tun tana rarrafe take gyara abin da bai lalace ba." Dogo ya cusa hula a baki don kada dariyarsa ta shiga sauti. Ni kuwa ina zaune, ana ɗauka, ba halin tashi, don in na tashi shi ma zai tashi.

Daga nan bai sake neman bango ba. Ni ya riƙa yi wa magana. Ya yi maganar Inna, da ranar da aka haife ki, da yadda kike ɓoye masa gilashin ido. Ya kira sunanki ya sa miki albarka, ke da yaranki ɗaya bayan ɗaya. Da muryar ta kusa ƙarewa ya dafa kaina ya ce, "Kan nan da tauri, amma kada wanda ya wanke mini shi." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan a ranar, kuma shi ne na ƙarshe da aka ɗauka.

Agogunan da Auta ta so ki gan shi yana zagayawa a cikinsu, ba za ki gani ba. Wannan ni na hana ki, ba wani ba, kuma ba ya gyaruwa. Abin da za ki gani kujera ce da benci, da tsoho, da wata mata mai ɗaure fuska tana riƙe da hannun rigarsa. Ban san haka fuskata take ba. Da wani ya gaya mini tuntuni.

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa ya kamata kamfani ya rubuta a jikin abu cewa kada a wanke. Kuma yarinya ba ta yi wa uwarta shiru kwana da kwanaki, ko me aka yi. Jiya na fara yi mata wannan faɗan a gaban Baba, sai ya ɗaga yatsa daga kan gado ya ƙwanƙwasa kansa, ya nuna ni, ya nuna ta.

Yau da safe na koma shagon kayan kyamara ni kaɗai. Mai shago ya gane ni, ya miƙo mai sheƙin nan. Na ce ya ajiye fankarsa, ya kawo mini wanda ya fi kowanne gardama. Na tura shi da yatsa ɗaya, na saki, ya tsaya inda na bar shi. Yana kan gadon Auta yanzu, ba ta dawo ba tukuna. Ban san me zan ce mata ba, wataƙila ba zan ce komai ba.

Faifan zai iso ki ta hannun Dogo. Ki kalla ke kaɗai da farko, kafin ki tara yara. In kin zo wajen man gyaɗa, ba sai kin kira ni ba.

Baba yana gaishe ki da hannu.

Yayarki, mai taurin kai.